Koyar da Kiɗan Gargajiyar Faransawan Kanada a Kwaleji: Kunne Kafin Takarda

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba wata matsala da ta shafi duk mai nazarin adabin baka, watau abin da kan sami fasahar gargajiya idan aka ɗauko ta daga hannun masu ita aka kai ta aji. Misalin da za mu ɗauka shi ne kiɗa da rawar Faransawan lardin Kebek a ƙasar Kanada.

Kakannin waɗannan mutane sun kafa birnin Kebek a 1608, kuma ko da yake mulkin ƙasar ya koma hannun Ingila a 1763, ba su saki harshensu da waƙoƙinsu ba. A dogayen dararen hunturu sukan taru a gida guda a yi hira da rawa. Mai goge yana zaune bisa kujera, hannu na jan goge, ƙafafu na buga daɓen katako a madadin ganga. Wani yana kaɗa cokula, wani kuma yana kiran matakan rawa ga maza da mata da suka jeru bibbiyu. Yawancin waƙoƙin na jagora ne da 'yan amshi. Zama tare da mutanen Ailan da Sikotilan ya ƙara wa kiɗan sababbin muryoyi.

Masana sun yi ƙoƙari wajen adana wannan gado. Tun daga 1916 Marius Barbeau ya shiga ƙauyuka yana ɗaukar muryoyin tsofaffi, har ya tara dubban waƙoƙi. A 1944 Luc Lacourcière ya kafa ma'ajiyar adabin gargajiya a Jami'ar Laval. Daga baya kwalejin garin Joliette ta shigar da kiɗan cikin darussan ɗalibanta. Wannan abin yabo ne, domin hirar dare irin ta dā ta ja baya tun da rediyo da talabijin suka shiga gidaje.

Amma fa akwai abin lura. Ɗalibin kwalejin kiɗa ya saba karɓar darasi daga takarda mai alamomi, inda kowane layi yake da awo daidai da ɗan'uwansa. Da yawa daga muryoyin gogen Kebek kuwa ba haka suke ba. Wani layin yakan zarce da bugu ɗaya, wani ya gaza, har masu abin suna kiransu karkatattun muryoyi. Malamin da ya ɗauki wannan karkata kuskure ce, ya miƙe ta don ta dace da takarda, ya raba kiɗan da abin da ya bambanta shi da na sauran al'ummu. Haka kuma ɗalibin da bai taɓa shiga rawar ba, ba zai san inda ake nauyaya bugu don ƙafa ta ɗaga ba. Hausawa na cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, in aka raba su fa, wa zai gyara wa wani?

Wani zai ce ai takarda ce ta tsirar da waƙoƙin da Barbeau ya tara. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a yar da ita ba. Sai dai takarda ma'ajiya ce, ba malama ba. Jean Carignan, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 1988, kuma ake ƙidaya shi cikin manyan masu gogen Kanada, da kunne ya koya, a wurin Joseph Allard da kuma ta sauraron faifai, yana neman abincinsa da tuƙin tasi a Monturiyal.

Saboda haka, a ganina, abubuwa uku sun wajaba. Na farko, ɗalibi ya haddace murya da kunne kafin a nuna masa rubutunta. Na biyu, rawa ta zama tilas ga kowane makaɗi, kuma a jarraba shi gaban masu rawa, ba gaban malamai kaɗai ba. Na uku, a gayyato gwanayen ƙauye su koyar, a biya su kamar sauran malamai, ko da ba su da takardar shaida. Kwalejin da ta kiyaye waɗannan za ta yaye magada. Wadda ta yi sakaci kuwa za ta yaye masu karanta kiɗan da ba wanda zai tashi ya taka.