Ƙirƙirarriyar basira a jami'o'i: hani bai yi aiki ba, saura sake salon auna ɗalibi

Ranar 30 ga watan Nuwamban 2022 ne kamfanin OpenAI na Amurka ya saki manhajar ChatGPT ga jama'a. Tun daga nan, duk ɗalibin da ke da salula da ɗan kuɗin intanet zai iya samun rubutu shafi biyar cikin Faransanci mai tsabta kafin shayi ya tafasa. Gemini na Google da Copilot na Microsoft da DeepSeek na ƙasar Sin sun biyo baya, kuma kowannensu yana da ɓangaren da ake amfani da shi kyauta. Abin da ya isa wayar ɗalibin Paris ya isa ta ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa. Tambayar da ke gaban malamai ita ce: makin da suke ba aikin gida, wa suke ba shi, ɗalibi ko na'ura?

Waɗanda suka fara cin karo da matsalar sun fara da hani. A watan Janairun 2023 hukumar makarantun birnin New York ta toshe ChatGPT, amma a watan Mayu ta janye matakin. A Faransa, makarantar Sciences Po ta yi barazanar hukunci har zuwa kora, sai dai abin da ta haramta shi ne amfani da manhajar a ɓoye ba tare da an bayyana ba. Binciken da hukumar UNESCO ta yi a shekarar kan makarantu da jami'o'i sama da 450 ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ne ke da wata ƙa'ida a rubuce. A watan Satumban 2023 hukumar ta fitar da jagora ga ƙasashe, inda ta nemi a tsara amfani da fasahar, a horar da malamai, a kuma kare bayanan ɗalibai.

Dabara ta biyu da aka gwada ita ce manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura. Ita ma ba ta kai ba. OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a Janairun 2023, ya kuma rufe ta a watan Yuli saboda yawan kuskurenta: kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne binciken masanan jami'ar Stanford, waɗanda suka ba manhajoji 7 rubuce-rubuce 91 na ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne. Fiye da rabi aka ce na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi harshe a aji yana amfani da kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙi, kuma irin wannan rubutu ne manhajar ke zargi. Kan Ingilishi aka yi binciken, amma gargaɗin ya shafi ƙasar da Faransanci yake harshe na biyu ko na uku ga mafi yawan ɗalibanta. Malamin da ya soke aikin ɗalibi kan kaso da wata manhaja ta nuna masa, yana iya zaluntar wanda ya kwana yana rubutu, ya ƙyale wanda ya iya wayo.

Babban haɗarin ga jami'o'in Nijar yana wajen kundin kammala karatu, wato memuwar ta lisans da ta mastar. Waɗannan manhajoji ba ɗakin karatu ba ne. Suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata, bisa tarin rubuce-rubucen da aka horar da su a kai. Inda rubutu ya yi yawa, kamar dokokin lissafi ko tarihin juyin juya halin Faransa, sukan dace. Inda ya yi ƙaranci, ba sa yin shiru, cike gurbi suke yi da abin da ya yi kama da gaskiya. Farashin albasa a Galmi, rikicin gona a wata karkarar Mayahi, ko tarihin da ke bakin dattawa da Hausa da Zabarmanci da Barbarci, yawancinsa bai taɓa hawa intanet ba. Ɗalibin tarihi zai iya neman littattafai kan daular Damagaram ko kan Adar, a jero masa sunan André Salifou ko Djibo Hamani, waɗanda da gaske sun yi rubutu kan yankunan, amma a laƙa musu littafin da ba su taɓa rubutawa ba, har da shekara da lambar shafi. Ba ɗalibai kaɗai ke faɗawa ba. A watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro.

Duk da haka, amfanin fasahar ba ƙarami ba ne a inda littattafai suka yi ƙaranci kuma malami guda ke tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai. Ɗalibi zai iya neman a sake masa bayanin darasi sau goma ba a gaji da shi ba, a gyara masa nahawu, ko a fassara masa maƙalar kimiyya daga Ingilishi. Shi ya sa jami'o'i 24 na ƙungiyar Russell a Birtaniya suka zaɓi a watan Yulin 2023 su koyar da amfani da ita, su kuma sake fasalin jarrabawa.

Nijar na da wani abu a hannu da ya dace da wannan hanya: kare kundi da baki gaban kwamitin malamai. Wanda bai rubuta aikinsa ba, tambaya uku ta isa ta tona shi. Ana iya faɗaɗa wannan zuwa ayyukan cikin shekara, a nemi ɗalibi ya kawo littafin da ya ambata ko hoton shafin, ya nuna takardun tambayoyin da ya cike a ƙauye da muryoyin da ya naɗa, ya kuma rubuta a farkon aikinsa wace manhaja ya yi amfani da ita, kuma don me. Wani malamin zai iya ba aji amsar da na'ura ta bayar, ya ce a nemo kurakuranta. Sai dai duk wannan lokaci yake ci, kuma lokaci ne abin da ya fi ƙaranci a jami'o'in da suka daɗe suna fama da shekarun karatu masu hawa kan juna. Ba za a ɗora wa malami jarrabawar baka ta ɗalibai ɗari biyar ba tare da ƙarin mataimaka ba, sannan a ce an warware matsala.

Ƙa'idar kuma ba ta ɗalibi kaɗai ba ce. Malamin da ya sa na'ura ta shirya masa darasi bai duba ba, ko ya bar mata ba da maki, ba shi da bakin hukunta kowa. Akwai kuma batun sirri. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, don haka ɗalibin likitanci da ya zuba bayanan majinyaci cikin manhajar wani kamfanin waje, ko malamin da ya loda sunayen ɗalibai da makinsu, ya taɓa abin da doka ta kare.

Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta kan ƙirƙirarriyar basira a birnin Accra a watan Yulin 2024, amma irin wannan takarda ba ta faɗa wa kwamitin kare kundi abin da zai yi da ɗalibin da aka samu littattafan bogi uku a aikinsa. Wannan aikin majalisar kowace tsangaya ne, tare da ƙungiyar malamai ta SNECS da ta ɗalibai ta USN, domin abin da ya halatta a sashen kwamfuta ba lallai ya halatta a sashen shari'a ba. Shafi ɗaya ya isa: abin da aka yarda da shi, abin da dole a bayyana, hukuncin wanda ya ɓoye, da wurin da ɗalibin da aka zarga zai je ya kare kansa kafin a soke masa shekara.