Bincike Ta Wayar Salula: Abin Da Ya Kamata Jama'a Da Jami'an Ƙananan Hukumomi Su Lura Da Shi

Kamar yadda jama'a suka sani, a shekarun baya ɗalibin da ke son rubuta kundin digiri sai ya yi tattaki zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ya share makonni yana kwafar bayanai da hannu. Idan kuma ra'ayin jama'a yake nema, sai ya zo ƙauye da takardun tambayoyi, ya fara da gaida mai gari, a haɗa shi da ɗan rakiya, sannan ya shiga gida-gida. A halin yanzu kaso mai yawa na wannan aiki ya koma cikin wayar salula, kuma wannan sauyi ya shafi mazauna karkara kai tsaye, domin su ne ake yi wa tambayoyin, kuma da amsoshinsu ne ake tsara rahotannin da daga baya kan dawo a matsayin shawara ga gwamnati.

Babu shakka an samu ci gaba. Dandalin Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana bai wa malami damar gano abin da aka rubuta kan kowane fanni cikin daƙiƙu kaɗan. A 2008 aka kafa ResearchGate da Academia.edu, inda masana ke ajiye maƙalunsu, suna tambayar juna, suna neman abokan aiki. Haka zalika akwai AJOL, taskar da ta tattaro mujallun ilmi na Afirka fiye da 500, kuma na Nijeriya suna da yawa a ciki. Malamin kwalejin ilmi da ba ya da halin zuwa taro a Ingila yana iya aika wa marubuci saƙo ya roƙi kwafin aikinsa, ya samu kafin dare. Wannan alheri ne, kuma muna ƙarfafa wa 'ya'yanmu gwiwa su ci moriyarsa.

Sai dai waɗannan kafofi suna da wani aiki na biyu, wato auna darajar masani da lamba: maƙala nawa ya wallafa, sau nawa wasu suka ambace shi. Tun da ƙarin girma a jami'a da samun tallafin bincike sun rataya a wuyan wallafa, dole wasu su nemi gajeriyar hanya. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin ciwon daji, cike da kurakuran da duk mai ilmin fannin zai gano, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi kafin wallafa. Mujallu 157 suka amince da ita. A 2024 kuma wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Reese Richardson, ya buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafi, ya ɗora maƙalu 12 na shirme da sunanta a ResearchGate tare da wasu da ke ambaton su, sai ga Google Scholar ya lissafa wa kyanwar ambato 132 kafin a farga a goge. Shi kansa ResearchGate ya daina amfani da makin da yake bai wa masana a 2022, bayan an daɗe ana sukar yadda ake lissafa shi.

Mun kawo waɗannan misalai ne saboda abin da ke faruwa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Mutum kan zo da laƙabin dakta ko mai ba da shawara, ya buɗe waya ya nuna shafinsa mai ɗimbin mabiya, ya nemi a ba shi kwangilar nazarin rijiyoyi ko ƙidayar yaran da ba sa zuwa makaranta. Yawan mabiya a Facebook ko X shaida ce ta farin jini kawai. Jami'in da aka kawo wa irin wannan buƙata ya nemi takardar gabatarwa daga makarantar da mutumin ya ce yana aiki, ya kuma tuntuɓi makarantar da kansa ta lambar da ya samo, domin lambar da baƙon ya bayar tana iya zama ta abokinsa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana fitar da sunayen jami'o'in da ta amince da su, dubawa ba ta cin ko sisi. Akwai kuma lambar ORCID mai alƙaluma 16, wadda aka fara bayarwa a 2012 don bambance masana masu suna iri ɗaya. Tana da amfani a wajenmu, inda Muhammad Sani ko Aisha Abubakar kan yi yawa a tsangaya ɗaya, amma a sani kowa yana iya buɗe ta kyauta, don haka ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Matsalar da ta fi damun mu ita ce ta takardar tambayoyi da ake turawa ta WhatsApp. Hanya ce mai sauƙi da araha, ɗalibi zai tara amsoshi ɗari uku bai bar ɗakin kwanansa ba. To amma su wa suka amsa? Masu babbar waya, masu kuɗin data, masu karatun boko, mazauna inda sabis ke kamawa. Matar da ke tafiyar awa guda neman ruwa ba ta cikinsu, haka makiyayin da ke ruga, haka dattijon da ya shekara hamsin yana noma fadama ɗaya ya san halinta ciki da bai. Idan aka ɗauki wannan sakamako aka rubuta cewa ra'ayin al'ummar gunduma ke nan, sannan aka gina kasafin kuɗi a kansa, za a haƙa rijiya a inda masu waya suke, a bar inda ƙishirwa take. Saboda haka duk rahoton da aka kawo gaban majalisar ƙaramar hukuma, a tambayi mai shi ta wace hanya ya tattara amsoshin, mata nawa ya ji daga bakinsu, ƙauyuka nawa ya taka da ƙafarsa.

Sai batun amincewa. Al'ummar Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka yi ta shari'a har zuwa sasantawar 2009. Abin da ya biyo baya na rashin yarda da ma'aikatan lafiya ya daɗe yana yi mana illa. A intanet irin wannan yana iya faruwa ba tare da mutum ya ga fuskar kowa ba. A 2018 aka bankaɗo cewa wani malami a Jami'ar Cambridge, Aleksandr Kogan, ya yi wata manhajar tambayoyi a Facebook wadda mutane kimanin 270,000 suka amsa, amma ta kwashi bayanan abokansu har adadin ya kai kusan miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai harkar yaƙin neman zaɓe. A 2019 hukumomin Amurka suka ci tarar Facebook dala biliyan 5.

Doka tana bayan jama'a a nan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi cewa a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa, kuma yana da ikon janye amincewarsa. Idan yaro ne, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Binciken da ya shafi lafiya kuwa sai ya samu izinin kwamitin ɗa'a, kamar yadda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada. Babu wani bincike na gaskiya da ke buƙatar lambar BVN ko lambar sirrin katin banki, duk wanda ya nemi su da sunan bincike a kai rahotonsa ga hukuma.

Su ma masu binciken muna da jan hankali gare su. Kafofin nan zanen aro ne. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Nijeriya, a 2023 kuma kamfanin ya rufe ƙofar da masana ke ɗibar bayanai kyauta, ayyuka da dama suka tsaya cak. Wanda ya ajiye dukkan aikinsa a shafi ɗaya yana iya wayar gari babu komai, don haka a riƙa ajiye kwafi a ɗakin karatun makaranta.

Muna kira ga masu girma hakimai, dagatai da masu unguwanni da su ci gaba da karɓar ɗalibai da malamai hannu bibbiyu kamar yadda aka saba, tare da sanya sharaɗi guda tun ranar farko: idan aiki ya kammala, mai shi ya dawo ya bayyana wa jama'a abin da ya gano da harshen Hausa, ya kuma bar kwafi a ofishin yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, inda duk mai buƙata zai iya zuwa ya duba a ranakun aiki.