Kunnen da Aka Kulle a Akwati

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da alli ya san cewa kayan makaranta iri biyu ne: akwai na amfani, akwai na nuna wa baƙi. Na amfani su ne ke yagewa, su karye, su ɓata. Na nuna wa baƙi kuwa suna nan sababbi fil a kabad ɗin ofis, sai ranar da masu duba makarantu za su zo a kakkaɓe musu ƙura. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne ganin yadda na'urar ji, wato 'yar na'urar nan da masu raunin ji ke maƙalawa a bayan kunne, take neman komawa cikin rukuni na biyu a gidaje da makarantu, saboda tsoron kada ta ɓata ko ta lalace alhali babu halin sayen wata.

Tsoron yana da hujja, ba za mu musa ba. Daga ƙasashen waje ake shigo da waɗannan na'urori, manyan kamfanonin da ke ƙera su suna Denmak da Suwizalan da Amurka, da dala ake cinikinsu, kowa kuma ya san halin da naira ta shiga tun daga 2023. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya haɗa albashin watanni kafin ya sayi mai inganci guda ɗaya, ga shi sau da yawa kunnuwa biyu ke buƙata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kashi 17 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar na'urar a duniya suke amfani da ita, a nahiyarmu kuwa mutum tara cikin goma ba su da ita. Saboda haka uban da ya sayar da ragon layyarsa ya sayo wa ɗiyarsa wannan abu, ko uwar da ta kwashe adashinta, dole su dube shi kamar zinariya. Daga nan sai ka tarar ana ɗaure na'urar cikin ƙyalle a sa a ƙasan akwati, ba a fito da ita sai ranar komawa asibiti. A wasu makarantun kuma, da an tashi sai a karɓe ta a kulle a aljihun teburin shugaban makaranta, yaro ya koma gida cikin shirun da ya fito da shi.

Matsayinmu shi ne wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yaro ba a cikin aji kaɗai yake koyon magana ba. Mafi yawan kalmomin da ke bakin ɗan shekara shida ya tsince su ne a tsakar gida, daga hirar iyaye mata a bakin murhu, da gardamar yayye, da tatsuniyar kaka, da kiran mai talla. Shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe cikin sauƙi, kuma ba sa jiran kowa. Ita ma na'urar ba ta jira. Ƙwararru kan ƙiyasta mata kimanin shekara biyar na aiki. Robar da aka zuba daidai da ramin kunnen yaro takan yi masa kaɗan cikin watanni saboda yana girma, batirin da aka manta a ciki yakan yi tsatsa ya ci ƙarfen da ke riƙe da shi. Wanda ya ɓoye ta shekara biyu zai buɗe akwati ya tarar ta tsufa ba ta yi wa kowa aiki ba, yaron kuma ya wuce aji biyu bai ji muryar malaminsa ba.

Abin da ake sawa a jiki kullum dole wata rana ya faɗi. Gara mu karɓi wannan, sannan mu dubi hanyoyin da ɓarnar ke bi, domin mafi yawansu sanannu ne, kuma kowane yanayi na shekara yana da nasa. Da hunturu, ƙurar hazo mai laushi kamar gari takan toshe 'yar ƙofar da sauti ke shiga. A lokacin ne kuma iyaye ke lafta wa yara man shafawa har bayan kunne saboda kaushi, man ya haɗu da ƙura ya zama taɓo a bakin na'ura. Da bazara gumi ne ke gangarowa daga gashi ya shige ɗakin batir, shi kuwa gumi da gishirinsa yake tafe. Da damina ga ruwan da ke kama ɗalibi a hanya, ga danshin da ke taruwa ɗigo-ɗigo cikin siririn bututun da ke kai sauti kunne, ɗigo ɗaya kuma ya isa ya kashe maganar gaba ɗaya. Dauɗar kunne kuwa ba ta da lokaci, aikinta kullum ne.

Ɓacewa ma tana da wuraren da ta fi so. Wurin alwala yana kan gaba: sau biyar a yini mutum zai cire na'urar, ya ɗora a kan katanga ko gefen famfo kusa da buta, a tayar da iƙama, ya yi sauri ya shiga sahu. Ko ya manta da ita, ko wani ya watsa mata ruwa, ko ya mayar da ita cikin jiƙaƙƙen kunne. Ɗalibai mata da malamai mata suna fama da hijabi, wanda idan an cire shi da gaggawa yakan fizgo na'urar ta faɗi ba a ji ƙararta ba, domin mai ita ba ta jin faɗuwar ƙaramin abu. Mun ga irin haka da yawa a 2020, lokacin da igiyar takunkumin korona ta zo ta zauna a daidai inda na'urar ke zama. Sai a ƙara da iskar bayan babur, da cunkoson adaidaita sahu, da kokawar filin wasa, da ƙanin da ke rarrafe wanda duk abin da ya tsinta baki yake kai shi. Wannan na ƙarshe ya wuce batun asarar dukiya: ƙaramin batir idan yaro ya haɗiye shi, ko ya cusa shi a hanci ko kunne, asibiti ake nufa nan take ba tare da jiran alama ba.

Maganin yawancin waɗannan bai kai kuɗin katin waya ba. Zare mai ƙarfi da aka ɗaura a jikin na'urar aka maƙale ɗaya bakin da fil a wuyan riga yana hana ta kaiwa ƙasa. Ɗan ƙaramin gwangwani mai murfi a aljihu ya fi gefen famfo. Da dare a buɗe ɗakin batir, a goge ta da busasshen ƙyalle, a kwantar da ita a kwalba mai murfi tare da ƙwayoyin nan masu shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan ta jiƙe, a cire batir a bar ta ta sha iska a inuwa. Rana da bakin murhu narkar da ita suke yi.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane malamin aji ya sani, wato sau da yawa na'urar da aka ce ta mutu ba ta mutu ba. Batirinta da iska yake aiki: da zarar an ɓare 'yar takardar da ke manne a bayansa ya fara ƙarewa ke nan, ko an sa shi ko ba a sa ba, kuma kwanakinsa daga 'yan kaɗan ne zuwa mako biyu ko uku, gwargwadon girmansa da ƙarfin na'urar. Girman ma da launi ake gane shi: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ta kunnen dama tana da jar alama, ta hagu shuɗiya, kuma kowace an daidaita ta ne da awon jin mai ita, don haka ba a musanya ta tsakanin ɗalibai kamar biro. Idan tana fito ba ƙaƙƙautawa, galibi robar kunnen ce ba ta zauna ba ko ta yi kaɗan. Minti biyu kafin darasin farko sun isa malami ya tsaya a bayan ɗalibi, inda ba zai ga leɓensa ba, ya furta sautuka shida da masana suka ware saboda sun ratsa muryar ɗan Adam daga kauri zuwa siriri: a, u, i, m, sh, s. Yaron da jiya ya ɗaga hannu a kan duka shidan, yau kuma ya tsaya a huɗu, ya faɗa wa malaminsa cewa akwai matsala tun kafin a ɓata yini guda.

Inda muke so mu fi tsayawa shi ne batun duka. Idan na'ura ta ɓata ko ta karye, abin da ke biyo baya a gidaje da dama bulala ce da gori. Sakamakonsa kuwa ɗaya ne: gobe idan ta daina aiki, yaron ba zai faɗa ba. Zai ci gaba da sa ta don kada a gane, ita kuwa matacciyar na'ura toshiya ce, tana rufe ɗan jin da ya rage masa. Sautukan da suka fi saurin kuɓuce wa mai raunin ji su ne sirara irin s da sh da f, sai ya zamana a wurin shifta bai san ko malam ya ce sata, ko fata, ko shata ba. Ya rubuta abin da ya ga dama, a ba shi sifiri, a rubuta a katin sakamako cewa ba ya mai da hankali. Da yawa daga cikin waɗannan yara sanƙarau ne ko ƙyanda ko daɗaɗɗen ciwon kunne ya raba su da jinsu, ba su zaɓa ba. Ɗan shekara bakwai da aka rataya wa kayan da ya fi kuɗin keken ɗinkin uwarsa, aka ce ya je ya yi wasa amma kada ya yi gumi, an ɗora masa abin da babba ma ba zai iya ba. Muna roƙon iyaye da malamai su sa ya zama yaron da ya zo da kansa ya ce na'urarsa ta yi shiru, godiya zai samu.

Kada kuma mu ɗauka wannan magana ta ɗalibai ce kawai. Dokar 2022 ta mayar da shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana walwala. Ke nan a ɗakunan malamanmu akwai dattawan da ke amsa tambayar da ba ita aka yi ba, ɗalibai na dariya a ɓoye. Wasu suna da na'urar, suna ɓoye ta ƙarƙashin hula ko ɗankwali don kunya, ɓoyon ne ma yake sa ta yi fito ko ta goce. Ranar da ta lalace a tsakiyar zangon karatu, malamin ba shi da wanda zai gaya wa, domin yana gudun a ce ya gaza. A wurinsa wannan kayan aiki ne, daidai da tabarau da allo.

A nan ne muke juyawa ga hukumomi da masu ba da taimako. Muna godiya da bukukuwan rabon na'urori, amma rabo ba tare da batir da robar canji da wurin gyara ba, kamar a ba manomi garma ne a hana shi shanu. Bayan wata uku hotunan bikin suna nan, na'urorin kuma sun yi shiru. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Hukumar UBEC kuma tana ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin tallafinta domin ilimin yara masu buƙata ta musamman. Abin da muke nema shi ne a cikin wannan kaso a rubuta layi na gyara da batir a fili, kowace shekara, kamar yadda ake rubuta na alli da rajista. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tana nan tun 1999, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne, amma uban da ke ƙauye ba zai biya kuɗin mota na yini guda don a canja masa bututun da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga matasan da ke warware abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta ya san hannun gyara ba shi muka rasa ba. Horo na musamman ake buƙata, domin iskar zafin da ake gyaran waya da ita hallaka na'urar ji take yi, da kuma kayan canji a matakin ƙaramar hukuma. Kafin a kai ga haka, kowace makaranta mai irin waɗannan ɗalibai ta samu ko da malami ɗaya mai iya maganar hannu, don kada karatu ya tsaya cak duk ranar da batir ya ƙare.

Mu ma a reshe akwai abin da ke hannunmu. Asusun jin daɗin mambobi, wanda ke taimakawa wajen suna da rasuwa, zai iya ɗaukar rancen gyara ko sayen na'ura ga mamba ko ɗansa, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Sayen batir a dunƙule ya fi sauƙi a kan kowa ya saya ɗaiɗai. Amma ba a yin kasafi a kan abin da ba a ƙidaya ba. Don haka muke ba da shawarar cewa kafin 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, kowane wakilin makaranta ya kawo wa sakatariyar reshe adadi uku, ba tare da sunan kowa ba: ɗalibai da malamai nawa ne ke da na'urar ji, guda nawa ke aiki a yau, guda nawa kuma ke kwance a akwati ko aljihun tebur, tare da lambar batirin da kowace ke ci.