Tayar da Kwamfuta Daga Nesa: Dabarar da Ta Dace da Makarantun Karkara

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ke gudanar da jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta kaɗai. Ke nan ɗalibin Zakka, a Ƙaramar Hukumar Safana, zai zauna gaban irin na'urar da ɗan Legas zai zauna, ko ya saba da ita ko bai saba ba. Sayen kwamfutoci domin makarantun karkara ya zama wajibi, amma wahalar tana wajen kula da su. Gwanayen gyara suna birni, hanyoyin Safana da Batsari da ke gefen dajin Rugu kuwa sun sha fama da 'yan bindiga.

Akwai dabaru biyu da za su rage wa gwani zirga-zirga. Ta farko ita ce wadda kamfanin AMD ya bayyana a 1995. Ko an kashe kwamfuta, katin sadarwar da ke cikinta yakan ci gaba da shan 'yar wuta kaɗan, yana saurare. Kowane kati yana da lambar shaida tasa. Idan aka turo gajeren saƙo mai ɗauke da wata alama, sannan wannan lamba sau 16 a jere, sai katin ya gane da shi ake, ya tayar da na'urar.

Ta biyu ita ce PXE, wadda kamfanin Intel ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1990. A nan kwamfutar da ta farka takan nemi adireshi daga wata babbar kwamfuta a cikin makarantar, ta ɗauko manhajarta daga can. Saboda haka gyara guda a babbar ya wadatar da aji duka, kuma ɓarnar da wata ta kwaso jiya ba za ta kwana ba. Malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai iya sabunta manhajojin Zakka da dare, ɗalibai su tarar da su a shirye da safe.

Masu suka za su ce ina wutar? Gaskiya ne, katin da babu wuta a jikinsa ba ya jin kira. Bugu da ƙari, saƙon tayarwa ba ya buƙatar kalmar sirri, kuma galibi ba ya ƙetare intanet da kansa. Maganin wannan shi ne wata ƙaramar na'ura mai tsaro, wadda batir da hasken rana za su riƙe dare da rana, ta karɓi umarnin gwani ta isar wa sauran.

Don haka ya kamata hukumomin ilimi na Jihar Katsina su sa waɗannan dabaru cikin sharuɗɗan kwangilar sayen kwamfutoci, tare da wutar hasken rana da horar da malami ɗaya a kowace makaranta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa baɗi, bana yake buƙatar kwamfuta mai aiki.