Mai Ƙyanƙyasa, Ina Ma'auninka?

Sharhinmu na yau a kan 'ya'yan kifi ne, da mutanen da ke sayar mana da su ba tare da sun taɓa auna zafin ruwan da suka rene su a ciki ba.

Duk wanda ya kafa tankin kifi a Bauranya, ko a cikin garin Kankia ko Kusada, akwai tambayar da yake yi wa mai kawo masa 'ya'yan karfasa: maza ne? Yana da hujjar tambaya. Namijin karfasa ya fi saurin girma. Macen kuwa tun tana 'yar ƙarama take fara ƙwai, ta kwashe shi a baki, ta yi kwanaki ba ta cin abinci har ya ƙyanƙyashe. Kafin a ankara kandami ya cika da ƙananan kifaye, buhun abinci ya ƙare, babu na kai wa kasuwa. Mai sayarwa ya san haka, shi ya sa amsarsa ba ta wuce "duk maza ne, Alhaji." To, da me ya sani?

Allah Ya tsara halittar karfasa ta yadda zafin ruwa ke da hannu a wannan lamari. Tun a shekarar 1995 masu bincike na ƙasar Faransa suka nuna cewa idan 'ya'yan karfasa suka zauna a ruwa mai zafin kusan digiri 36, daga wajen kwana 10 da yin ƙwan, suka ɗauki kwana 10 ko fiye a haka, da yawa daga cikin waɗanda asalinsu mata ne sukan tashi a maza. Zafin yana danne sinadarin da ke gina jikin mace, sai jikin ya bi hanyar namiji. A digiri 27 zuwa 28 kuwa, yawanci rabi maza ne, rabi mata. Idan waɗannan 'yan kwanaki suka wuce, magana ta ƙare. Ko an dumama ruwan daga baya, mace tana nan a mace. An ga makamancin wannan a tarwaɗa ma, sai dai ita kwanakinta sun fi gajarta, cikin makon farko zuwa na biyu bayan ƙyanƙyasa.

Yanzu a dubi ƙasarmu. A watan Afrilu zafin rana a Katsina yakan haura digiri 40. Ruwan burtsatse ya wuni a baƙin tanki a saman gini, a sauko da shi cikin 'yar robar da 'ya'yan kifi ke ciki, ƙarƙashin rufin kwano. Nawa ne zafin wannan ruwa? Mai ƙyanƙyasa bai auna ba. A watan Janairu, da hunturu ya kankama, ruwan ya kwana a waje ya yi sanyi ƙarara. Nawa ne zafinsa? Bai auna ba. Hannu kawai yake tsomawa ya ce "ya yi daidai." Hannun da ya wuni a rana ba zai bambance digiri 30 da 36 ba, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne jarin mai saye yake.

Ga inda abin ya fi ciwo, ina roƙon a saurara da kyau. Kifin da zafi ya mayar namiji, a ido namiji ne, yana kuma barbara, amma a cikin jininsa gadon mace yake ɗauke da shi. Mai ƙyanƙyasa ya ga ya yi ƙiba, ya ware shi a matsayin uban garke. Da aka haɗa shi da mace a ruwa mai matsakaicin zafi, 'ya'yan da za su fito kusan duka mata ne. Kusan duka mata! Su za a zuba a jarka a hau babur da su, a ce wa yaron da ya sayar da akuyar gyatumarsa ya yi jari "duk maza ne." Ba zai gane ba sai bayan wata uku ko huɗu, lokacin da kuɗin abinci ya riga ya tafi. Mai ƙyanƙyasa bai auna ba, bai rubuta ba, ba shi ne kuma zai yi asarar ba.

Kada wani ya ji wannan ya je ya ɗora tukunya. Ruwa mai zafi iskar shaƙarsa kaɗan ce, idan ya zarce 36 mutuwar 'ya'yan kifi ƙaruwa take yi, kuma ba kowane irin karfasa ke juyawa daidai da wani ba. Aiki ne na mai ma'auni da littafi.

Wannan ya kawo ni kan masu rabon tallafi. A tara matasa a zaure, a yi musu bita ta kwana biyu, a ba kowa tamfol da 'ya'yan kifi da buhun abinci ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. A cikin kayan babu ma'aunin zafi, abin da kuɗinsa bai kai ko kusa da na buhun abinci ba. Babu wanda ya tambayi inda aka ƙyanƙyashe kifin. Idan kiwon ya rushe, sai a ce yaranmu ba su da haƙuri. Alhali masana ba su yi mana nisa ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma nan maƙwabtanmu, kusa da madatsar Zobe, tana da sashen nazarin kiwon kifi. Ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja. Me zai hana a gayyato su kafin a raba, a maimakon a neme su bayan an yi asara?

Malam mai ƙyanƙyasa, ka ji tsoron Allah a cikin sana'arka. Ka sayi ma'auni, ka auna da asuba, ka auna da azahar, ka rubuta da kwanan wata. Iyayen garkenka kuma ka san a wane ruwa suka tashi. Kai kuma ɗan'uwa mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi ka ce a nuna maka ma'aunin da littafin. Idan babu, ka mayar da kuɗinka aljihu ka nemi wani.