Girafin da iskar mayankar Akinyele: abin dubawa kafin a ware kuɗi

A Ƙaramar Hukumar Akinyele da ke arewacin Ibadan ake sauke shanun da suka taso daga Arewa, nan ne kuma babbar mayankar birnin take, a ƙauyen Amosun. Bayan rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, Hausawa da dama masu sayar da kayan gwari sun koma wani wuri dabam a cikin ƙaramar hukumar. Inda jini da kashin dabbobi ke taruwa suna ruɓewa, iskar ammoniya da haidirojin salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sukan tashi. Ita ta biyun tana da makirci: idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mahauci ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne ta fi haɗari. Saboda haka ba a dogara da hanci, sai na'ura.

Nan ne batun girafin ya shigo. Shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓanɓaro daga girafayit, wato baƙin cikin fensir, a Jami'ar Manchester a 2004, suka kuma sami kyautar Nobel a 2010. A 2007 ayarinsu ya nuna cewa tana iya gane saukar ƙwaya guda ta iskar naitirojin dayoksayid, domin duk abin da ya taɓa ta yana sauya yadda lantarki ke bi ta cikinta. Sai dai tsantsarta ba ta kama wasu iskoki da kyau. Don haka masana ke cire kaɗan daga ƙwayoyin kabon, su maye gurbinsu da boron ko naitirojin, iskar da ake nema ta sami wurin maƙalewa.

Amfaninta gare mu a fili yake. Na'urorin da aka saba da su, masu sinadarin ƙarfe, sai an gasa su zuwa ɗaruruwan digiri. Ta girafin tana aiki a zafin ɗaki, ƙaramin batir ya ishe ta.

Amma galibin sakamakon daga ɗakin gwaji ya fito, inda iska ke da tsafta. Danshi na rikita awon, kuma Ibadan gari ne mai laima. Ga ƙurar hunturu. Na'urar kan yi jinkirin sakin iskar da ta kama, wani lokaci sai an ɗumama ta ko an haska mata fitila ta musamman, takan kuma kasa bambanta wata iska da wata.

Don haka idan takardar neman kwangila ta iso teburin NESREA ko NASENI, kalmar girafin ba hujja ba ce. A tambayi mai kawowa: wata nawa na'urar ta yi a mayanka irin ta Amosun, da damina da rani, kusa da wata da aka tabbatar da awonta? Wa zai riƙa daidaita ta, kuma SON na da ma'aunin da za ta gwada ta a kai? Idan ta yi ƙara da asuba, lokacin yanka, wane jami'i ne ke da ikon fitar da mahauta daga wurin?