Kafin A Haƙa Hafir, Wa Ya Auna Ƙasar?



Idan aka yi maganar kwangila, hankalin mutane yakan tafi kan tifa da siminti da ƙarafa. Akwai wata kwangilar da ba a ganin ta a bakin hanya, ita ce ta masu ilimin aiki: injiniyan da ke tsara hafir ko rijiyar burtsatse, ma'aunin ƙasa da ke shata gonaki da filayen gidaje, lauyan da ke rubuta yarjejeniya, da mai binciken kuɗi da ke sa hannu ya ce lissafi ya yi daidai. Ladansu bai kai kuɗin gini ba, amma kuɗin ginin duka a kan sa hannunsu yake fita. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ka duba yadda abin yake tafiya. Mahaliyya tana son haƙa hafir a wani ƙauye. Injiniya ne zai faɗi inda za a haƙa, da zurfin da za a yi, da kuɗin da zai ci. Bayan ɗan kwangila ya gama, injiniya ne kuma zai je ya duba ya rubuta cewa an kammala, sannan baitulmali ya biya. To idan wanda ya zaɓi injiniyan shi ne ya zaɓi ɗan kwangilar, kuma a ɗaki ɗaya aka yi ba tare da shaida ba, wa zai tsare kuɗin talaka? An ba kura ajiyar nama ke nan. Ƙasar Gadarif baƙin laka ce, tana kumbura da damina tana tsagewa da rani. Ajin makaranta ko ɗakin shan magani da aka ɗora a kanta ba tare da gwajin ƙasa na gaskiya ba, bango zai dare, hafir kuma zai ƙafe tun rani bai yi nisa ba.

Haka zancen ma'aunin ƙasa yake. Wannan jiha ita ce rumbun dawa da riɗi na Sudan. Manyan gonakin tarakta masu ɗaruruwan faddan sun kewaye ƙauyuka, burtalin dabbobi yana ta ƙuntata, a Fashaga kuma rigimar gona da manoman Habasha ta daɗe. A irin wannan wuri, layin da ma'aunin ƙasa ya ja a takarda yana iya raba mutum da gonar da ya gada. Kai da ka san wahalar neman takardar fili, ya kamata ka san wanda ya ɗauki ma'aunin aiki, da wanda yake biyan sa.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 2010 Sudan take da dokar saye da ba da kwangila da sayar da rarar kayan gwamnati. Asalin hanyar da ta shimfiɗa ita ce a yi shela a fili, masu iya aiki su kawo tayinsu a rufe, kwamiti ya buɗe ya gwada. Ba da aiki kai tsaye ga mutum ɗaya rangwame ne na lalura. Ta wannan ƙofar ta lalura ake shiga. A jinkirta aiki har damina ta ƙarato, sai a ce gaggawa ce. Ko a tsaga aiki ɗaya gida uku don kowane yanki ya yi ƙanƙanta, ya wuce ba shela. Ko a miƙa shi ga wani kamfani mai alaƙa da gwamnati. Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa ya sha kai ƙara gaban majalisa a Khartoum kan hukumomin da ke ware kuɗin shiga su ajiye a gefe, nesa da idon ma'aikatar kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ruwan sha ya ishe mu misali. Garin Gadarif yana dogara da ruwan kogin Atbara da ake turowa daga Shuwak, kuma har yau magidanci yana sayen ruwa daga amalanken jaki duk lokacin rani. Ga madatsar Atbara da Setit an riga an gina ta. An sha yi mana alkawarin magance ƙishirwa daga tushe. Muna tambaya: nazarin da aka yi a kan wannan ruwa, su wa suka yi shi, nawa aka biya su, kuma ina rahotonsu? Haƙƙinka ne ka sani.

Me ya sa zaɓen 2015 ya fi na baya nauyi? A 2010 kai ka zaɓi wali da hannunka. A watan Janairun 2015 an gyara tsarin mulki, daga nan shugaban ƙasa ne ya riƙa naɗa wali, mu'utamad na mahaliyya kuma dama a lokacin naɗa shi ake yi. Abin da ya rage a hannunka a lokacin shi ne majalisa. A lokacin, idan jam'iyyar Mu'utamar Watani ta riƙe kujerar mai kashe kuɗi, ta kuma cika kujerun masu tambayar yadda aka kashe, babu mai tambayar kowa.

Ga abin da 'yan takararmu suka ce za su tsaya a kai a majalisar dokokin jiha a 2015. Duk aikin injiniya, awon ƙasa, lauya ko binciken kuɗi, a liƙa shelarsa a ƙofar mahaliyya da kasuwa, a karanta a rediyon jiha da harshen da mutane ke ji. A buɗe tayi a bainar jama'a, da wakilan manoma da makiyaya a zaune. A bayyana sunan wanda ya samu aikin da kuɗin da dalilin zaɓensa. Injiniyan da ke duba aiki kada ya zama yana da hannu a kamfanin da ke yin aikin. Duk kwangilar da aka bayar da sunan gaggawa, a kawo bayaninta gaban majalisa a rubuce. 'Ya'yanmu da suka gama Jami'ar Gadarif su ma a buɗe musu ƙofar gwada sa'arsu, ko da ba su da kowa a ofis.

Ranar 13 ga Afrilun 2015 aka fara jefa ƙuri'a. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, na kowace jam'iyya ne, ka tambaye shi ko ya yarda a liƙa takardun kwangila a bango kowa ya karanta. Ki tambaye shi ke ma, uwargida, domin ke kike auna ruwan tulu. Amsar da ya bayar ta ishe ku sanin inda za ku dangwala. Ku fito da wuri, ku zo da maƙwabta. Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu tsoronsa.